FASHIN BAƘI: Abin da ke cikin tsofaffin zane-zane huɗu da aka kai wa farmaki a Turai, da yadda ake kallon su

Tsakanin watan Yuli da Oktoba na shekarar 2022, masu fafutukar kare muhalli sun yi ta kai farmaki kan tsofaffin zane-zane a gidajen tarihi na Turai, kuma huɗu daga cikin hare-haren sun fi sauran jan hankalin duniya.

Ranar 4 ga Yuli, a gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan, wasu matasa biyu 'yan ƙungiyar Just Stop Oil sun lulluɓe wani zanen karkara na John Constable da hoton da suka bugo, sannan suka manne hannayensu a jikin firam ɗinsa da gam. Ranar 14 ga Oktoba, a wannan gida dai, aka watsa wa zanen furanni na Vincent van Gogh miyar tumatir ta gwangwani. Kwana tara bayan haka, a birnin Potsdam na Jamus, aka kwara wa wani zanen Claude Monet dakakken dankalin turawa. Ranar 27 ga watan kuma, a birnin Hague na ƙasar Holan, wani mutum ya manna kansa a jikin gilashin da ke kare fuskar yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wadda Johannes Vermeer ya zana.

Uku daga cikin zane-zanen suna bayan gilashi, saboda haka ba abin da ya same su. Na Constable, wanda ba shi da gilashi, ya ɗan samu tabo a firam da kuma man sheƙin da ke samansa. A watan Satumban 2024 wata kotu a Landan ta yanke wa matasa biyun da suka watsa miyar tumatir hukuncin ɗauri, ɗaya shekara biyu, ɗaya wata ashirin.

Waɗanda suka kai farmakin sun san abin da suka zaɓa: sun nemi abin da zai fi sosa ran jama'a ne. Sai dai yawancin rahotannin da suka biyo baya sun tsaya ne a kan farashi, miliyan kaza na dala, miliyan kaza na fam. Wannan ya bar mai karatu da tambayar da ba a amsa ba: mene ne a cikin hoton amalanke a rafi, ko furanni a tulu, da har zai sa a riƙa gadinsa kamar baitulmali?

Amsar tana cikin kallo, kuma kallon ne ya yi ƙaranci. Wani bincike da aka yi a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, aka wallafa a 2001, ya gano cewa matsakaicin lokacin da baƙo ke ɗauka a gaban shahararren zane bai wuce daƙiƙa 27 ba. Aikin da ya ci wa mai shi watanni, wani lokaci shekaru, ana gama kallonsa kafin a gama gaisuwar safe. Kowane ɗaya daga cikin zane-zanen nan huɗu kuwa ƙoƙari ne na tsayar da wani abu mai saurin wucewa, kuma ba ya bayyana sai ga wanda ya tsaya.

Constable: tsakar rana a bakin rafi

Zanen da aka sani da suna The Hay Wain, wato amalanken ciyawa, an kammala shi a 1821. Faɗinsa ya kai santimita 185, tsayinsa 130. A hagu akwai wani gidan manomi a ƙarƙashin manyan itatuwa. A tsakiya ga amalanke da dawakai sun ratsa cikin ruwa marar zurfi. A bakin gaɓa wani kare ya tsaya yana duban su. Can nesa, inda rana ta haska wata fadama, akwai 'yan ɗige-ɗigen fari waɗanda sai an matso ake gane cewa masu yankan ciyawa ne.

Wurin na gaske ne. Kogin Stour ne, a kan iyakar yankunan Suffolk da Essex na Ingila, kusa da maniƙar hatsi ta Flatford wadda mahaifin Constable ya mallaka. Gidan da ke hagu yana nan tsaye har yau. Amma a Landan ya zana shi, daga ƙananan zane-zanen gwaji da ya tara shekara da shekaru a garinsu.

Abu na farko da ya kamata mai kallo ya sani shi ne sunan da mai zanen ya ba aikinsa. Bai ambaci amalanke ba. Sunan da ya sa masa yana nufin karkara da tsakar rana. Wato sa'ar ce abin zanawa, amalanken kuwa abin da sa'ar ta riska ne a wurin. Da zarar an san haka, sai ido ya tashi daga ƙasa ya koma sama, inda gizagizai suka cinye babban kaso na zanen. A shekarun 1821 da 1822 Constable ya yi ta fita tudun Hampstead yana zana gajimare kaɗai, kuma a bayan da yawa daga cikin takardun yakan rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ta nufa. Shi ya sa gajimaren da ke zanensa yake da nauyi da alkibla. Manomin da ya saba duba hadari zai iya ƙiyasta ko za a yi ruwa kafin yamma.

Daga sama sai a sauko ga ruwa. Constable ya yayyafa ƙananan ɗigon farin fenti a kan rafin da ganyaye domin ya kama ƙyalƙyalin da rana ke yi a kan abu mai laima. Masu sharhi na zamaninsa sun riƙa yi wa wannan salo ba'a, suna cewa ƙanƙara ce ta zuba a kan zanen. A lokacin an saba ganin hoton karkara da launin ƙasa-ƙasa, sumul kamar an goge, shi kuwa ya kawo kore iri-iri da fenti mai kaushi. Da aka baje zanen a Landan a 1821, bai samu mai saye ba. Sai a 1824, da aka nuna shi a Paris, ya samu lambar zinariya daga Sarkin Faransa Charles na Goma.

Akwai kuma abin da zanen bai nuna ba, wanda saninsa ke ƙara wa kallo zurfi. Shekarun da suka biyo bayan yaƙe-yaƙen Napoleon na ƙunci ne ga 'yan ƙwadagon gona a gabashin Ingila. An yi tarzoma a yankin a 1816, aka sake yi a 1822, inda aka farfasa injinan sussuka aka ƙona rumbuna. Constable ɗan mai hali ne, kuma a zanensa ma'aikata 'yan ɗige ne a can ƙarshen gani. Kwanciyar hankalin da ke cikin hoton ta yarintarsa ce, wadda ya tuna daga nesa. Masu zanga-zangar 2022 sun fahimci haka, shi ya sa hoton da suka lulluɓe shi da shi ya nuna wurin nan dai, amma da kwalta da jiragen sama da matattun itatuwa.

Van Gogh: furanni goma sha biyar, kowanne da shekarunsa

A watan Agustan 1888, a garin Arles na kudancin Faransa, Vincent van Gogh yana jiran baƙo. Ya kama hayar wani gida mai launin rawaya, yana fatan ya mayar da shi matattarar masu zane, kuma Paul Gauguin ya amsa zai zo. Domin ya ƙawata ɗakin baƙon, sai ya zana manyan furannin nan masu kama da faifan rana har sau huɗu a cikin kusan mako guda. Ya shaida wa ƙaninsa Theo a wasiƙa cewa tun fitowar rana yake fara aiki, saboda furannin ba sa jimawa suke yaushi.

Na huɗun shi ne wanda ke Landan. Kallo ɗaya zai nuna tulu da furanni, rawaya a kan rawaya. Wanda ya tsaya ya ƙirga zai samu fure goma sha biyar, kuma ba biyu da suke a mataki ɗaya. Wani ya buɗe sosai, wani ya fara sunkuyar da kai, wani ganyensa ya murɗe, wasu kuma sun kaɗe gaba ɗaya sai dunƙulen iri mai duhu. Rayuwar fure ce tun daga ƙuruciya har tsufa aka tara a tulu guda.

Abu na biyu shi ne ƙarfin halin da ke cikin launin. Bango rawaya ne, teburi rawaya, tulu rawaya, furanni rawaya. A ƙa'ida ya kamata komai ya narke cikin juna. Abin da ya hana hakan shi ne bambancin zurfin launin, daga mai hasken lemun tsami zuwa mai duhun ɗorawa, da kuma wani siririn layi shuɗi da ya raba teburi da bango. Da wannan shuɗin ya rubuta sunansa a jikin tulun. Idan mai kallo ya rufe layin da yatsa a kan allon wayarsa, zai ga yadda zanen ke rasa inda zai tsaya.

Na uku shi ne kaurin fenti. A dunƙulen irin, Van Gogh ya tula fenti ya caccaka shi da burushi har ya yi tudu da kwari, ta yadda hasken ɗaki ke yin inuwa a kansa. Wanda ya taɓa sayen babbar riga ya san ba daga nesa ake gane aikin hannu ba, sai an matso an bi zaren da ido an ga inda allura ta shiga ta fita. Haka ake bin sawun burushi, a ga inda hannu ya yi sauri da inda ya tsaya.

Gauguin ya iso a ƙarshen Oktoba, zaman nasu bai wuce mako tara ba, ya ƙare da rikicin da Van Gogh ya yanke kunnensa. Ya rasu a watan Yulin 1890 yana da shekara 37. Furannin ma ba su tsira daga lokaci ba. Wani nau'in rawayan da ya yi amfani da shi, wanda sabon fenti ne na masana'anta a wancan ƙarni, yana duhu idan haske ya daɗe a kansa. A 2019 gidan tarihi na Van Gogh da ke Amsterdam ya sanar cewa nasa zanen furannin, wanda aka yi a Janairun 1889, ba zai sake tafiya ko'ina ba saboda rauninsa. Ɗaya daga cikin huɗun farko kuwa ya ƙone a Japan a 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Monet: tarin dammai da tafkin bado

Zanen da aka kwara wa dankali a Potsdam na tarin damman hatsi ne, irin wanda manoman Faransa ke jibgewa a gona su yi masa kan ɗaki mai tsini, ya jira lokacin sussuka. Claude Monet ya zana shi a 1890. A watan Mayun 2019 an sayar da shi a gwanjon Sotheby's na New York kan dala miliyan 110.7, alhali a 1986 dala miliyan biyu da rabi da 'yan kai aka saye shi.

Shi wannan zane ɗaya ne daga cikin kusan 25 da Monet ya yi na tarin damman da ke gonar maƙwabcinsa a ƙauyen Giverny, daga ƙarshen bazarar 1890 zuwa farkon 1891. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, da farko ya ɗauka ƙyalle biyu za su ishe shi, ɗaya na ranar da gari ya yi lumshi, ɗaya na ranar da rana ta fito. Yana cikin aiki sai haske ya sauya, ya aika a kawo masa wani ƙyallen, can kuma ya sake aikawa. A ƙarshe ya koma yana jera su, yana aiki a kan kowanne na ɗan lokacin da haskensa ya dawo, ya ajiye ya ɗauki na gaba. A watan Mayun 1891 ya nuna goma sha biyar a ɗaki ɗaya a Paris.

Abin da ya gano, wanda kuma mai kallo zai iya gani, shi ne cewa abu ba shi da launi guda tabbatacce. Tarin hatsin nan da safe ruwan hoda ne, da rana ruwan zinariya, da faɗuwar rana ja kamar garwashi, a cikin hunturu shuɗi-shuɗi. Inuwarsa kuma ba baƙa ba ce. A zanen Monet inuwa shuɗiya ce ko shunayya, domin inda hasken rana bai kai ba, hasken sararin sama ne ke sauka. A zanen Potsdam tarin damman sun jeru a karkace suna nisa, rana ta yi ƙasa a bayansu, gefensu ya kama da wuta, kuma idan aka matso babu layi ko ɗaya da ya zagaye su, sai ɗaruruwan gajerun shafe-shafe na launuka daban-daban da ido ke haɗawa da kansa daga nesa.

Wannan salo ya samu ne da taimakon wata ƙaramar ƙirƙira. A 1841 wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya yi rajistar bututun ƙarfe mai laushi da ake matso fenti daga ciki, irin na man goge baki. Kafin nan ana ɗura fenti ne a mafitsarar dabba, wadda ke fashewa ko ta bar shi ya bushe. Bututun ya sauƙaƙa wa mai zane ya ɗauki kayansa ya tafi gona ya yi aiki a gaban abin da yake zanawa.

Daga gonar maƙwabci Monet ya koma ga lambun kansa. Ya tare a Giverny a 1883, ya sayi gidan a 1890, sannan a 1893 ya sayi wani fili mai dausayi a tsallaken hanya, ya nemi izinin karkato wani ƙaramin rafi domin ya haƙa tafki. Mutanen ƙauyen sun ƙi da farko, suna tsoron baƙin tsire-tsirensa za su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha. Da ya samu izini, sai ya shuka bado iri-iri, ya dasa itatuwa a gaɓa, ya gina 'yar gada irin ta Japan. Ya ɗauki ma'aikatan lambu da dama, har da wanda aikinsa shi ne ya shiga kwale-kwale ya wanke ƙurar da ta sauka a kan ganyen bado. Wato ya fara tsara abin da zai zana da ƙasa da ruwa, kafin ya ɗauki burushi. A cikin kusan shekara talatin da suka rage masa, ya zana badon nan kimanin sau 250.

A zanen farko-farko ana ganin gada da gaɓa. Sannu a hankali ya riƙa sunkuyar da kallonsa har gaɓa ta fita, sararin sama ya fita, ya rage fuskar ruwa kaɗai. A nan ne mai kallo da yawa ke rikicewa, ya ga kamar an dama launuka ne kawai. Hanyar shiga ita ce a nemi abubuwa uku da ke wuri ɗaya. Akwai abin da ke kan ruwa, wato ganye da furen bado, waɗanda ke ƙanƙancewa yayin da suke nisa. Akwai abin da ke sama ya faɗo cikin ruwa, wato hoton gajimare da rassan itatuwa a kife. Akwai kuma abin da ke ƙarƙashi, ciyayin da ke kaɗawa a cikin duhu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kududdufi bayan damina ya san ido ba ya iya riƙe ukun a lokaci ɗaya, sai ya saki ɗaya ya kama ɗaya. Monet ya sa su duka a shafi guda.

Ya yi wannan aiki ne cikin wahala. Matarsa Alice ta rasu a 1911, babban ɗansa Jean a 1914, kuma a 1912 likita ya tabbatar masa da yanar ido. Zane-zanensa na wajajen 1920 sun koma ja da ruwan ƙasa, siffofi sun dagule, har gadar ma da ƙyar ake gane ta. An yi masa aiki a ido ɗaya a 1923. Duk da haka, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gina babban ɗakin aiki ya shiga zana bado a kan ƙyallaye masu tsayin mita biyu. Kashegarin tsagaita wuta, a Nuwamban 1918, ya rubuta wa abokinsa Firayim Minista Georges Clemenceau cewa zai ba ƙasar kyautar wasu daga ciki. Ya rasu a Disamban 1926, kuma a Mayun 1927 aka buɗe ɗakuna biyu masu siffar ƙwai a gidan Orangerie na Paris, inda manyan zane takwas suka zagaye bango, tsawonsu a haɗe ya kai kimanin mita 91. Shekaru da dama ɗakunan sun kasance kusan fayau, sai a shekarun 1950 aka dawo aka gane darajarsu.

Vermeer: waiwaye guda

Na huɗun ƙarami ne, santimita 44.5 a tsaye, 39 a kwance, kuma shi ne mafi tsufa, an zana shi wajajen 1665. Wata yarinya ce ta waiwayo ta kafaɗarta ta hagu, bakinta a ɗan buɗe, ta ɗaura kallabi shuɗi da rawaya, bayanta duhu.

Ba a san ko wace ce ba. A Holan ta wancan zamani akwai nau'in zanen fuska da ba na wani takamaiman mutum ba ne, ana yin sa ne don nazarin yanayin fuska da baƙuwar sutura, kuma wannan yana cikinsu. Labarin cewa 'yar aikin gidan Vermeer ce ya fito ne daga wani littafin ƙagaggen labari na 1999 da fim ɗin da aka yi daga gare shi a 2003.

Darasin wannan zane shi ne yawan abin da mai zanen bai zana ba. Lu'ulu'un da zanen ya yi suna da shi ba shi da zagaye, ba shi da maratayin da ya haɗa shi da kunne. Shafe biyu ne na fenti: ɗigo mai haske a sama, da wani fari mai laushi a ƙasa wanda ke nuna hasken farar wuyan rigarta. Ido ne ke cike sauran. Haka ma karan hancinta, babu layin da ya raba shi da kuncin da ke bayansa, launinsu ɗaya, amma ba wanda ke ganin fuskar ba hanci. 'Yan ɗigon fari a gefen leɓe su ne suka sa bakin ya zama kamar yanzu za ta yi magana.

A 2018 gidan Mauritshuis, inda zanen yake, ya tara masana suka bincike shi da na'urori, aka fitar da sakamakon a 2020. Sun gano cewa duhun da ke bayanta asalinsa koren labule ne wanda ya dushe, kuma tana da gashin ido siriri da ba a gani yanzu. Sun kuma bi asalin launukan. Shuɗin kallabin daga wani dutse mai daraja ne da ake haƙowa a Afganistan, wanda a ƙarni na 17 ya fi zinariya tsada. Farin daga dalmar Ingila ne. Wani ja daga ƙwarin da ke rayuwa a jikin wata shuka a Meziko da Kudancin Amurka aka samo shi. Koren labulen kuwa haɗi ne na wani rini rawaya da shuni, dangin wanda marina ke amfani da shi. Fuskar yarinya guda ta tattara fataucin nahiyoyi uku.

Vermeer ya rasu a 1675 yana da shekara 43, cikin bashi, ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya da zane-zanen da waɗanda suka rage ba su kai arba'in ba. An manta da shi kusan shekara ɗari biyu. A 1881 an sayar da wannan zane a gwanjo a Hague kan gilda biyu da santi talatin, saboda dauɗa ta rufe shi har ba a ganin sa hannun mai shi. Wanda ya saya ya bar wa Mauritshuis shi a wasiyya, ya shiga hannunsu a farkon ƙarni na 20.

Farashi da ƙima

Tarihin zane-zanen nan ya nuna cewa farashi yana zuwa ne daga baya, wani lokaci bayan mai aikin ya daɗe a ƙasa. Na Constable ya rasa mai saye, na Vermeer an sayar da shi a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ɗakunan Monet sun yi shekaru ba baƙi. Fentin bai sauya ba a tsawon lokacin, idanun da ke kallonsa ne suka sauya.

Najeriya ma tana da irin wannan labari. A 1973 da 1974 Ben Enwonwu, ɗan asalin Onitsha, ya zana wata gimbiyar Ife mai suna Adetutu Ademiluyi har sau uku. Kasancewar mai zanen Ibo ne, wadda aka zana kuma Bayarabiya, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, ya sa aka ɗauki hoton Tutu a matsayin alamar sulhu, kwafinsa ya shiga gidaje da yawa. Na asalin sun ɓace, sai a ƙarshen 2017 aka gano ɗaya a rataye a wani gida a arewacin Landan. A Fabrairun 2018 aka sayar da shi a gwanjon Bonhams kan fam miliyan 1.2.

Yadda mai kallo zai fara

Ba lallai sai an je Landan ko Paris ba. Gidajen tarihin nan sun saka hotunan zane-zanensu a intanet kyauta, da ingancin da za a iya zuƙowa a ga sawun burushi fiye da yadda mai gadi zai bari a matsa a zahiri. Abin da allon waya ke ɓoyewa shi ne girma, domin yana mayar da bangon Monet da ƙaramin zanen Vermeer tafin hannu ɗaya. Don haka yana da kyau a fara duba awon zanen, a kwatanta shi da ƙofa ko tabarma.

Bayan haka sai a ba shi minti biyar kafin a karanta bayaninsa. A tambayi kai daga wane ɓangare haske ke shigowa, kuma wace sa'a ce ta yini. A lura da inda ido ya fara sauka da hanyar da ya bi daga nan. A ƙirga abin da ke ƙirguwa, kamar furannin Van Gogh. A zuƙo wuri ɗaya har siffa ta watse ta koma fenti, sannan a ja da baya a ga lokacin da ta sake haɗuwa. Daga ƙarshe a nemi abin da aka bari ba a zana ba, ko aka tura can nesa. Sai bayan wannan ne tarihin mai zanen da zamaninsa za su samu wurin zama, domin ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima idan aka ba shi lokaci.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar waya. Da kaka, idan an jibge damman gero ko dawa a gona, mai son ya tabbatar da abin da Monet ya gani zai iya tsayawa bayan la'asar sakaliya, rana tana gefensa, ya dubi inuwar da tarin ya shimfiɗa a ƙasa, ya faɗa wa kansa launinta. Idan ya dawo wurin da hantsi, launin da zai samu daban ne.